Yadda Ake Karanta da Sanya Alamomin Saman Haruffa a Girkanci, Tsoho da Na Yau

Duk wanda ya buɗe littafin tsohon Girkanci a karon farko, ko waƙoƙin Homa ne ko Sabon Alkawari a harshensa na asali, abin da zai fara ɗaukar idonsa shi ne ƙananan alamomi birjik a saman wasula, wasu sun karkata dama, wasu hagu, wasu kamar waƙafi, har da wata 'yar sanda da take rataye a ƙarƙashin harafi. Idan kuma ya ɗauki jaridar da aka buga a Atina a wannan makon, alama ɗaya tak zai tarar a kan kusan kowace kalma. Haruffan dai 24 ne a nan da can, amma tsarin alamomin biyu ne, kuma kowanne da ƙa'idarsa. Ɗalibai da yawa, musamman masu koyon harshen domin nazarin nassi, sukan tsallake alamomin da niyyar komawa kansu daga baya. A ganina wannan shi ne kuskure mafi tsada a koyon Girkanci, domin alamar ɓangare ce ta kalmar, kuma wanda ya haddace kalma ba tare da ita ba sai ya sake haddace ta.

Mataki na farko: a tantance tsarin da ke gaban mutum

Tsohon tsarin sunansa politoniko, wato mai alamomi da yawa, sabon kuma monotoniko, mai alama ɗaya. Hanya mafi sauri ta bambance su ita ce a nemi kalmar da ta fara da wasali. Idan akwai 'yar alama mai kama da waƙafi a kan wasalin, kamar a ἄνθρωπος, politoniko ne, idan kuma babu, kamar a άνθρωπος, monotoniko ne. Kalmar ɗaya ce, ma'anarta mutum. Kada a ɗauka cewa duk rubutu mai alamomi da yawa tsohon harshe ne, domin kusan duk littafin da aka buga a Girka kafin 1982 da politoniko aka buga shi, ko da harshensa na kasuwa ne, kuma har yau Cocin Otodoks na Girka da jaridar Estia ta Atina da wasu marubuta suna riƙe da shi.

Sanin asalin alamomin yana sauƙaƙa haddar ƙa'idojinsu. Mutanen zamanin Aflatun ba su rubuta ko ɗaya daga cikinsu ba. Rubutunsu manyan baƙaƙe ne a jere, babu tazara tsakanin kalmomi, kuma mai harshe ba ya bukatar a nuna masa inda murya take hawa. Bukatar ta taso ne a Iskandariya ta Masar, bayan yaƙe-yaƙen Iskandar Mai Girma sun yaɗa Girkanci zuwa ga al'ummun da ba su gaje shi ba, a daidai lokacin da malaman babban ɗakin karatun birnin suke gyara kwafin tsofaffin waƙoƙin da lafazinsu ya fara yi wa mutane nisa. Aristofanis mutumin Bizantiyon, wanda ya shugabanci ɗakin karatun wajen shekara ta 200 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ake danganta wa ƙirƙiro alamomin. Wanda ya san yadda aka ƙara ɗigo da wasali a rubutun Larabci bayan Musulunci ya kai ga waɗanda ba Larabawa ba zai gane dalilin nan take. A tsofaffin takardun da aka tono a Masar, nan da can ake ganin alamomin, galibi a waƙoƙi da wuraren da mai karatu zai iya ruɗewa. A ƙarni na 2 Miladiyya manahawanci Herodiyan ya tattara ƙa'idojin a littafi mai juzu'i 20 wanda ya sadaukar ga Sarkin Rum Markus Oreliyus, amma sai a ƙarni na 9, lokacin da masu kwafar littattafai na Daular Rum ta Gabas suka koma rubutu da ƙananan baƙaƙe, aka fara yi wa kowace kalma alamarta. Kafin wannan lokaci kuwa lafazin da alamomin suke nunawa ya riga ya sauya da ƙarnoni.

Mataki na biyu: alamomin numfashi

Da waɗannan ya fi kyau a fara, domin ƙa'idarsu gajeriya ce. Duk kalmar da ta fara da wasali a politoniko tana ɗauke da ɗaya daga cikin alamomi biyu. Dasiya, wadda bakinta yake buɗe ta dama kamar ƙaramin c, tana nuna cewa akwai sautin h kafin wasalin, saboda haka ἁ ana karanta ta ha. Psili, wadda take kama da waƙafi, tana nuna cewa babu h, saboda haka ἀ ana karanta ta a. Bambancin yana sauya ma'ana, domin ὄρος dutse ne, ὅρος kuma iyaka ce. Asalin lamarin shi ne a tsohon rubutun Atina harafin Η sautin h yake nunawa, amma da birnin ya karɓi haruffan mutanen Iyoniya, wato Girkawan gaɓar yammacin Turkiyyar yau, a hukumance a shekara ta 403 kafin haihuwar Annabi Isa, sai harafin ya koma dogon wasali, h ya rasa mazauni, har sai da aka raba Η gida biyu aka mayar da rabin hagu alamar h, rabin dama kuma alamar rashinsa.

Abubuwa huɗu ake kiyayewa wajen sanya su. Kalmar da ta fara da υ ko da baƙin ρ dasiya take ɗauka, kamar ὕδωρ, ruwa, da ῥήτωρ, mai jawabi. Idan kalma ta fara da tagwan wasali, alamar tana hawa wasali na biyu, kamar αὐτός da εἰρήνη. Idan harafin farko babban baƙi ne, alamar tana zama a gefen hagunsa, kamar Ἑλλάς da Ὅμηρος. Idan kuma ta haɗu da alamar karin sauti a wasali ɗaya, numfashi yake fara zuwa ta hagu, kamar ἄ da ἅ, sai dai idan alamar mai lanƙwasa ce, to ita take hawa sama, kamar ἆ da ἇ.

Girkawan yau ba sa furta wannan h, amma bai ɓace ba tare da barin sawu ba. Sunan Sarkin Rum Ἡράκλειος, wanda Latin yake rubutawa da h a farko, littattafan Larabci kuma suke kira Hiraƙla, a bakin Bagirken yau Irakliyos ne. Kalmar jarida a Girkancin zamani, εφημερίδα, daga ἐπί da ἡμέρα ta fito, kuma dasiyar da ke kan ἡμέρα ce ta mayar da π ya zama φ. Haka nan a tsohon harshe ake cewa ἀπ᾽ ἐμοῦ, daga gare ni, amma ἀφ᾽ ἡμῶν, daga gare mu, sannan kalmar korewa takan zama οὐκ kafin psili, ta zama οὐχ kafin dasiya. Wanda ya lura da wannan zai iya gane numfashin kalmar da ke tafe tun kafin idonsa ya kai kanta.

Mataki na uku: a ji alamomin karin sauti da kunne

A nan mai jin Hausa yake da fifiko a kan ɗalibin da harshensa na uwa Turanci ne ko Faransanci. Tsohon Girkanci da hawa da saukar murya yake bambance gaɓoɓi, kamar yadda Hausa take da karin sauti sama da ƙasa da faɗau, kuma kunnen da ya saba raba gado na kwanciya da gado na magada, ko kai wakilin suna da kâi na jiki, ya riga ya san abin da ake nufi. Bambancin shi ne a Hausa kowace gaɓa da nata karin, a Girkanci kuwa gaɓa ɗaya ce a kalma take ɗaukar ƙololuwar murya, kuma ita ake yi wa alama.

Alamomin uku ne. Oksiya, mai karkata dama kamar a ά, tana nuna hawan murya. Perispomeni, mai lanƙwasa kamar a ᾶ, wadda wasu maɗaba'u suke zanawa kamar igiyar ruwa wasu kuma kamar baka, tana nuna murya ta hau sannan ta faɗo a cikin gaɓa ɗaya, wato faɗau ɗinmu ke nan. Yadda faɗau ba ya zama a Hausa sai a gaɓa mai nauyi, haka perispomeni ba ta zama sai a kan dogon wasali ko tagwan wasali, domin sai da tsawo murya take samun filin hawa da sauka. Ta uku ita ce bariya, mai karkata hagu kamar a ὰ, wadda take maye gurbin oksiya a gaɓar ƙarshe idan wata kalma ta biyo baya ba tare da waƙafi ko aya ba, kuma mafi yawan masana suna ganin tana nuna cewa murya ba ta hau sosai a wurin ba. Saboda haka ana rubuta καλός, kyakkyawa, idan ita kaɗai ce, amma καλὸς ἄνθρωπος idan suna ya biyo ta. Kalmar tambaya τίς, wane ne, da τί, mene ne, su ne ba sa taɓa sauya oksiyarsu.

Mutanen Atina suna jin wannan bambanci sarai. A shekara ta 408 kafin haihuwar Annabi Isa, wani ɗan wasa mai suna Hegelokos, a cikin wani wasan kwaikwayo na Yurifidis, ya zo inda zai ce bayan haukar igiyar ruwa ya ga teku ta lafa, γαλήν᾽, sai ya furta γαλῆν, wadda take nufin wata ƙaramar dabba mai kama da tunku, kuma marubutan wasan barkwanci sun daɗe suna yi masa ba'a a kan haka. Shawarata ga mai koyo ita ce ya riƙa karantawa da ƙarfi yana ɗaga murya a kan oksiya yana faɗo da ita a kan perispomeni, ko da malaminsa ƙarfafa gaɓa kawai yake yi, domin abin da harshe ya saba da shi ya fi zama a ƙwaƙwalwa fiye da abin da ido kaɗai ya gani.

Mataki na huɗu: ƙa'idojin mazaunin alama

Kafin komai sai an san tsawon wasula. Wasulan ε da ο gajeru ne kullum, η da ω dogaye ne kullum, α da ι da υ kuwa suna iya zama ko wanne. Tagwayen wasula dogaye ne, in ban da αι da οι idan sun zo a ƙarshen kalma cak, inda ake lissafa su gajeru wajen alama, sai fa a sigar aikatau ta fata da wasu 'yan kalmomi kaɗan. Ana ƙirga gaɓoɓi daga ƙarshen kalma, kuma alama ba ta taɓa wuce gaɓa ta uku daga ƙarshe, komai tsawon kalmar.

Oksiya tana iya zama a kan kowace daga cikin gaɓoɓi ukun nan, amma ba ta zama a ta ukun ƙarshe sai wasalin gaɓar ƙarshe gajere ne. Perispomeni tana zama a gaɓoɓi biyun ƙarshe kawai, kuma ba ta zama a ta biyun ƙarshe sai wasalin ƙarshe gajere ne. Akwai kuma ƙa'ida mai tilastawa: idan alama ta faɗa a gaɓa ta biyun ƙarshe, wasalinta dogo, na ƙarshe kuma gajere, dole ne ta zama perispomeni. Duk abin da ya rage aiwatarwa ne, kuma ana yin sa ta hanyoyi biyu dangane da rukunin kalmar.

Suna da sifa suna riƙe alamarsu a gaɓar da ƙamus ya nuna, ba sa sakinta sai ƙa'ida ta tilasta musu. A ɗauki ἄνθρωπος. Alamar tana gaɓa ta uku daga ƙarshe, kuma hakan ya halatta domin ο gajere ne. Idan aka koma sigar mallaka, ƙarshen ya zama ου, wanda dogo ne, saboda haka alamar ta matso gaba, aka sami ἀνθρώπου. A jam'i kuwa ƙarshen οι ne, wanda ake lissafa shi gajere, sai ta koma mazauninta, aka sami ἄνθρωποι. A ɗauki kuma νῆσος, tsibiri. A nan alamar ba ta bukatar motsawa, sai dai ta sauya kama, domin da zarar ƙarshen ya yi tsawo perispomeni ba ta da hurumin zama, sai a sami νήσου, a jam'i kuma νῆσοι. Tambayoyin da mai koyo zai yi wa kansa ke nan a kan kowace siga, bi da bi: ina ƙamus ya ajiye alamar, yaya tsawon wasalin ƙarshe yake yanzu, shin tana iya zama inda take, sannan wace kama za ta ɗauka. Sunayen da nahawun Girkanci ya sa a rukuni na farko da na biyu masu oksiya a ƙarshe suna komawa perispomeni a sigar mallaka da ta wanda aka yi wa abu, kamar θεός da θεοῦ, ψυχή da ψυχῆς, sannan akwai 'yan tsirarun sigogi irin πόλεως, na birni, da suka saɓa wa ƙa'idar tsawon ƙarshe saboda tarihin lafazinsu, kuma haddace su ake yi.

Aikatau ya fi sauƙi, domin alamarsa baya take ja har iyakar da ƙa'ida ta yarda. Daga παιδεύω, ina koyarwa, ake samun ἐπαίδευον da παίδευε da παιδευόμεθα, kuma a kowace siga wasalin ƙarshe kaɗai za a duba a san amsa. Inda wasula biyu suka narke suka zama ɗaya, kamar τιμάω da ta zama τιμῶ, hawa da saukar da suke a gaɓoɓi biyu sun taru a gaɓa ɗaya, shi ya sa perispomeni ta fito. Sigogin aikatau da suke aiki kamar suna ko sifa ba duka suke bin wannan ja da baya ba, haka ma umarni biyar da ake haddacewa a jere: εἰπέ, ἐλθέ, εὑρέ, ἰδέ, λαβέ.

Ribar wannan wahala tana fitowa wajen karatu. Alama takan tona tsawon wasalin da ido ba ya gani: tun da χώρα, ƙasa, tana ɗauke da oksiya a kan dogon wasali, α ɗinta na ƙarshe dogo ne, tun da kuma μοῖρα, rabo, tana ɗauke da perispomeni, nata gajere ne. Takan kuma raba kalmomin da haruffansu ɗaya ne, kamar οἶκοι, gidaje, da οἴκοι, a gida, ko βίος, rayuwa, da βιός, bakan harbi, ko ἀλλά, amma, da ἄλλα, waɗansu abubuwa. Harafin η shi kaɗai yana iya zama ἡ mai fayyace sunan mace, ko ἥ mai ma'anar wadda, ko ἤ mai ma'anar ko, ko ἦ mai ma'anar haƙiƙa. Mai nazarin nassi da ya kasa raba εἰς, zuwa cikin, da εἷς, ɗaya, zai iya juya ma'anar aya gaba ɗaya.

Mataki na biyar: kalmomi masu jingina

Akwai ƙananan kalmomin da ba su da alamar karin sauti ta kansu. Wasu suna jingina da kalmar da ke biye da su, su ne ὁ, ἡ, οἱ, αἱ, ἐν, εἰς, ἐκ, εἰ, ὡς da οὐ, kuma ba su da wata matsala. Masu wahalar su ne masu jingina da kalmar da ta gabace su, irin su τις, wani, da μου, nawa, da τε da γε da yawancin sigogin lokacin yanzu na εἰμί, aikatau mai ma'anar kasancewa, domin kunne yana jin su tare da kalmar baya kamar kalma ɗaya, kuma ƙa'idar gaɓoɓi uku tana hawa kan haɗin duka. Idan kalmar baya tana da oksiya a ta ukun ƙarshe, ko perispomeni a ta biyun ƙarshe, sai a ƙara mata oksiya ta biyu a ƙarshenta, kamar ἄνθρωπός τις da δῶρόν τι. Idan oksiyarta a ƙarshe take, ba ta komawa bariya, sai a rubuta καλός τις. Idan kuma oksiyar tana ta biyun ƙarshe, ba abin da yake sauyawa gaban mai jingina mai gaɓa ɗaya, kamar λόγος τις, amma mai gaɓa biyu sai ya riƙe tasa alamar, kamar λόγοι τινές. Saboda haka kalma mai alama biyu ba kuskuren maɗaba'a ba ce, sanarwa ce cewa mai jingina yana biye.

Sauran alamomin ba sa bukatar dogon bayani. 'Yar sandar da ke ƙarƙashin ᾳ da ῃ da ῳ harafin ι ne da aka daina furtawa bayan dogon wasali, masu kwafar littattafai na Rum ta Gabas suka mayar da shi ƙasa, kuma a nahawu yakan nuna wanda aka yi wa abu ko abin da aka yi aiki da shi, kamar τῷ λόγῳ. Bayan babban baƙi a gefe ake rubuta shi, kamar Ἅιδης. Alama mai kama da psili a tsakiyar kalma, wadda ake kira koronis, tana nuna kalmomi biyu sun haɗe, kamar κἀγώ daga καὶ ἐγώ, ni ma. Ɗigo biyu a kan ι ko υ suna raba wasula biyu don kada a karanta su tagwaye.

Mataki na shida: tsarin yau

Da lafazi ya koma ƙarfafa gaɓa, bambancin tsawon wasula kuma ya ɓace, yaran Girka sun shafe ƙarnoni suna haddace alamomin da kunnensu ba ya ji. Gardama a kan haka ta yi zafi har ta kai, a farkon shekarun 1940, an gurfanar da Farfesa Yowanis Kakridis na Jami'ar Atina gaban kwamitin ladabtarwa aka dakatar da shi na ɗan lokaci, saboda ya buga littafi da alama ɗaya. A 1976 harshen jama'a, dimotiki, ya maye gurbin katarebusa, harshen hukuma mai kwaikwayon na dâ, sannan a watan Janairu na 1982 majalisar dokoki, a zamanin gwamnatin Andreas Papandreou, ta amince da monotoniko.

Ƙa'idarsa ita ce duk kalma mai gaɓa biyu ko fiye tana ɗaukar alama ɗaya, tonos, a kan wasalin gaɓar da ake ƙarfafawa. Barin ta kuskuren rubutu ne, domin πότε tana nufin yaushe, ποτέ kuma faufau, wato ko sau ɗaya, γέρος tsoho ne, γερός kuma ƙaƙƙarfa. Kalma mai gaɓa ɗaya ba ta ɗaukar tonos, har da waɗanda ido yake gani kamar gaɓa biyu amma baki yake furta su a ɗaya, irin su για da μια da ποιος. An keɓe ή mai ma'anar ko, domin a raba ta da η, da kalmomin tambaya πού, ina, da πώς, yaya, domin a raba su da που da πως masu haɗa jimla. An kuma keɓe ƙananan wakilan suna inda za a iya ruɗewa: ο πατέρας μου είπε tana nufin mahaifina ya ce, ο πατέρας μού είπε kuma mahaifin ya ce mini.

Ƙa'idar gaɓoɓi uku tana nan da ranta, shi ya sa το μάθημα, darasi, take zama τα μαθήματα a jam'i, kuma του ανθρώπου har yanzu tana biyayya ga tsawon wasalin da ba wanda yake ji. Ita ce kuma take sa a ƙara ε a έγραψα, na rubuta, domin alama ta sami gaɓa ta uku, a bar shi a γράψαμε, mun rubuta, inda gaɓoɓin suka riga suka cika. Alama ta biyu gaban mai jingina ita ma ta tsira, kamar ο δάσκαλός μου, malamina, amma ο φίλος μου, abokina. Idan haruffa biyu suna aiki tare a matsayin tagwaye, tonos tana hawa na biyu, kamar είναι da αύριο, idan kuwa aka gan ta a na farko, kamar τσάι, shayi, daban-daban ake furta su. Ɗigo biyun, diyalitika, suna da muhimmanci sosai a nan, domin παιδάκια yara ƙanana ne, παϊδάκια kuma haƙarƙarin rago ne gasasshe, sannan suna iya haɗuwa da tonos, kamar καΐκι, kwalekwale. Babban baƙi na farkon kalma yana ɗaukar tonos ta hagu, kamar Έλληνας, amma kalmar da aka rubuta duka da manyan baƙaƙe ba ta ɗauka, sai dai a sa mata diyalitika inda cire tonos zai kawo ruɗani, kamar Μάιος da take zama ΜΑΪΟΣ. A lura kuma cewa alamar ; ita ce alamar tambaya a Girkanci, ɗigo ɗaya a saman layi kuma shi ne waƙafi mai ruwa.

Mayar da politoniko zuwa monotoniko aiki ne mai sauƙi: a share numfashi da ι na ƙasa, a mayar da alamomi ukun su zama tonos, a cire ta daga kalmomi masu gaɓa ɗaya in ban da waɗanda aka keɓe. Tarkon da ke ciki shi ne a tsohon tsari ποῦ da πῶς su ne na tambaya, πού da πώς kuma masu haɗa jimla ne, saboda haka sai an duba kowace da ma'anarta. Komawa daga monotoniko zuwa politoniko kuwa ba ya yiwuwa sai da ƙamus, tun da an riga an share labarin numfashi da tsawon wasali.

Mataki na bakwai: rubuta su a kwamfuta

A allon rubutun Girkanci na Windows, maɓallin da ke dama da L shi ne na tonos, kuma shi ake fara dannawa kafin wasali. Idan aka haɗa shi da Shift sai ya ba da diyalitika, maɓallin W yana ba da ς na ƙarshen kalma, Q kuma alamar tambaya. Domin tsohon tsari sai an ƙara allon da ake kira Greek Polytonic, inda maɓallin ' yake ba da psili, tare da Shift kuma dasiya, maɓallin [ yake ba da perispomeni, ] kuma bariya. A waya, danna wasali a riƙe shi yana fito da tonos. Haruffan politoniko suna da sashe nasu a tsarin Unicode, daga 1F00 zuwa 1FFF, kuma ba kowane samfurin haruffa yake da su ba, saboda haka idan aka ga ƙananan akwatuna a madadin wasula sai a koma Gentium ko Palatino Linotype ko Cardo.

Abu biyu ake dubawa kafin a saki rubutu. Na farko shi ne kada harafin boko mai alama, irin ó ko á, ya kutsa cikin kalmar Girkanci, domin ido ba zai raba ó ta boko da ό ta Girkanci ba, amma ƙamus na intanet da injin bincike ba za su gane kalmar ba. Na biyu shi ne umarnin da yake mayar da rubutu manyan baƙaƙe, wanda a wasu manhajoji yakan bar tonos a wurinta ya fitar da ΕΛΛΆΔΑ a madadin ΕΛΛΑΔΑ, saboda haka kanun labari da sunan littafi da aka juya ta wannan hanya sai an bi su da hannu an cire alamar, an kuma sa diyalitika inda ta wajaba.